Kuɗin Alayyafo Ba Ya Raya Kuka

Yau da ɓacin rai na zauna rubutun nan, don haka duk wanda ya ji na taka masa ƙafa sai ya yi haƙuri. Ba da mutum ɗaya nake ba, da halinmu nake, ni ma kuwa ina ciki.

Duk mazaunin Yola bai manta da asubahin Lahadi, 27 ga Yulin 2025 ba, ranar da ruwa ya shigo mana unguwa muna barci. Shagari Low Cost, Sabon Pegi, Yolde Pate, duk ya bi ta kansu, aka rasa rayuka fiye da ashirin, Allah ya jiƙansu da rahama. Gidaje sun zube, dabbobi sun tafi, hatsi ya ruɓe. Wannan duk an faɗa a rediyo. Amma akwai wata asarar da ban ji wanda ya ambata ba, ita ce ta sa ni magana.

Ina da maƙwabci, dattijo, tsohon malamin babbar makaranta da ya yi ritaya. A nan aka haife shi kamar yadda aka haife ni. Mahaifinsa fatauci ne ya kawo shi daga ƙasar Katsina, nawa kuma daga Kano. Kusan shekara talatin bawan Allahn nan ya yi yana bin gidajen tsofaffin fatake a Jimeta da Yola da Mubi, har Garwa ta Kamaru, yana karɓar abin da magada ke shirin zubarwa: wasiƙun ajami, takardun bashi da na rabon gado, littattafan lissafin 'yan kasuwa, waƙoƙin wa'azi na Hausa da na Fulatanci. Ga kuma kaset-kaset na hirar da ya yi da dattawan da yanzu duk sun kwanta dama. Akwatin ƙarfe huɗu ya cika, suna ƙarƙashin gadonsa. Biyu aka iya ɗagawa kafin ruwa ya kai gwiwa. Sauran biyun da muka buɗe bayan kwana uku, takardun sun manne da juna kamar kwanannen tuwo, tawadar ta narke ta bi ruwa.

Na ce masa, "Baba, ai da an ɗauki hotonsu an zuba a kwamfuta tun tuni." Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, kana tsammanin ban nema ba?" Ya shiga ɗaki ya fito da wani fayil da ya tsira. Tsari ne ya rubuta na aikin shekara goma sha biyar: a tattara, a ɗauki hoto, a karanta, a juya zuwa boko, a fassara, a buga kundi-kundi, a kuma horar da yara matasa da za su ci gaba bayan ba shi. Wurare uku ya kai, ba zan kama suna ba. Na farko suka ce ai ya yi ritaya, ba shi da ofishin da za a zuba kuɗi ta cikinsa. Na biyu suka ce tsarin ya yi kyau, amma ya rage shi ya dawo wata goma sha takwas. Na uku, na ƙasar waje, suka ce za su iya biyan ɗaukar hoto, amma karatu da fassara da albashin ɗalibai ba huruminsu ba ne. Yana cikin tunanin yadda zai cusa shekara goma sha biyar a cikin wata goma sha takwas ne ruwa ya riga shi.

To jama'a, a nan gizo ke saƙar. A ƙasar nan ba mu da wata ƙofa da masani zai ƙwanƙwasa ya ce ina da aikin da sai an yi shekara ashirin ana yi, a saurare shi ba tare da an ɗauke shi mai taɓin hankali ba. Alhali kuwa akwai ilimin da ba ya samuwa sai ta haka. Alayyafo mako huɗu ka yanka ka kai kasuwa. Kuka kuwa wanda ya shuka ta sau da yawa ba shi ke shan inuwarta ba. Ƙamus kuka ne. Tattara rubuce-rubucen hannu na ƙasa guda kuka ne. Rubuta nahawun harshen da masu jin sa ke ƙarewa kuka ne. Auna ruwan Binuwai kowace damina har a gane halinsa, shi ma kuka ne. Wasiƙar ajami guda ɗaya tana iya cin mako kafin a gane hannun marubucin, a gano garin da ya ambata, a san ko wane ne Alhajin da ake bin bashin. Yanzu a lissafa wasiƙa dubu biyar.

Kada a ce na yi butulci, akwai abin da ake yi. Gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta, ita ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 aka sake wa asusun fasali ya zama TETFund, aka taƙaita shi ga manyan makarantun gwamnati. A ƙarƙashinsa akwai asusun bincike na ƙasa da aka kafa a 2009 da naira biliyan 3. Mai nema yakan fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake a ce ya kawo cikakken tsari, sannan ya je ya kare shi a gaban kwamiti. Madalla da wannan, kuma malamai da yawa sun amfana. Amma tallafi ne da aka yanka daidai aikin da za a gama cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma wanda zai jagorance shi sai ya kasance ma'aikacin makarantar da asusun ke kula da ita. Dattijon da ya yi ritaya ba ya ciki. Modibbon da ya gaji ɗakin littattafan kakansa ba ya ciki. Wanda yake cikin ma, ya san yadda lokaci ke tsere masa: yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, sannan a 2023 aka saki naira, kuɗin da aka yi kasafi da su dala tana ƙasa da 500 suka zo hannu tana neman 1,500 a 2024. Mai hankali a irin wannan yanayi me zai zaɓa? Zai zaɓi ɗan binciken da zai raba takardun tambaya ɗari biyu, ya fitar da maƙala biyu, ya sami ƙarin girma, ya haɗa rasit ya rufe fayil. Ba laifinsa ba ne. Abin da aka ba shi kuɗinsa ke nan.

Abin takaicin shi ne a da mun san yadda ake yi. Ƙamusun Bargery da ya fito a 1934, mai kalmomi fiye da 39,000, gwamnatin lokacin ce ta ware mutumin ta ɗauki nauyinsa fiye da shekara goma yana zagaya ƙasar Hausa yana tambayar malamai da mahauta da masunta. Yau fiye da shekara casa'in ke nan, har yanzu shi ake buɗewa in gardama ta tashi a kan kalma. A nan Yola F. W. Taylor ya zauna yana aikin ilimi, ya fitar da nahawun Fulatancin Adamawa a 1921, ƙamusunsa kuma sai 1932. Kada wani ya ce ai Turawan mulki ne, don amfanin kansu suka yi. Na yarda. To bayan tafiyarsu fa? A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Zariya ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, ana bin gari-gari ana tattara littattafan Larabci da na ajami ana ɗaukar hotonsu. Shi ne kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Daga wannan makaranta ta Zariya littafin Sa'ad Abubakar kan tarihin Lamiɓe na Fombina ya fito a 1977, na Mahdi Adamu kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma ya biyo baya a 1978. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da aka buga a 2006 shi ma sai da ya ci shekaru masu yawa a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya. Duk abin da muke tutiya da shi a yau, in ka bi asalinsa, za ka tarar wani ne ya biya wani ya zauna ya daɗe.

Akwai ƙasar da ta mayar da wannan biyan ya zama doka da tsari, kuma yana da kyau mu san yadda suke yi, don kada a ce mafarki nake. A Jamus akwai majalisun manyan masana guda takwas da suka haɗu a ƙungiya ɗaya, su ne ake kira akadami. Tun wajen 1980 suke riƙe da wani shiri na musamman don ayyukan ilimi masu dogon zango, musamman ƙamus da tace tsofaffin littattafai da tattara kayan tarihi. Ƙa'idar shiga ita ce aikin kada ya gaza shekara 12, kada ya wuce 25. Ka ji fa, mai karatu: in aikinka gajere ne, ba nan ne wurinka ba. Kuɗin shekara ba ya gaza yuro 120,000, gwamnatin tarayya ta ba da rabi, jihohi su ba da rabi. Masani mai digirin digirgir zai kai taƙaitaccen tsari ga ɗaya daga cikin majalisun. In sun ga da ƙamshin gaskiya, su ce ya kawo cikakke, a aika wa masana na ciki da waje su tsefe shi, sannan a kai gaban kwamitin ƙungiyar, a ƙarshe gwamnatoci su sa hannu. Kaɗan ne ke tsallakewa. Wanda kuma ya tsallake ba a miƙa masa kuɗin shekara ashirin a buhu ba: an raba aikin zango-zango, kowane 'yan shekaru a zo a duba abin da aka yi. Majalisar ce ke riƙe da aikin, ba mutum ɗaya ba, saboda haka in jagoran ya rasu ko ya tsufa, a naɗa wani, aiki ya ci gaba. Ayyuka fiye da ɗari ke tafiya a haka. Babban ƙamusun Latin da ake yi a Munich tun 1894 aka fara shi, har yau ba a kai ƙarshen baƙaƙe ba, kuma ba wanda ya ce a rufe.

Ga wanda ya fi ci mini rai. A cikin wannan shiri akwai aikin da majalisar masana ta Hamburg ta ɗauka a 2016, zai kai 2040, na tattara bayanan rubuce-rubucen hannu na Habasha da Iritiriya. Shekara ashirin da biyar, da kuɗin talakan Jamus, a kan littattafan Afirka. Mu ma nan Arewa mun ɗanɗana irin wannan dogon numfashi, ta hannun wata hukumar binciken ta Jamus. Daga 1988 zuwa 2002 Jami'ar Frankfurt ta yi aikin haɗin gwiwa da Jami'ar Maiduguri, a cikinsa ne aka tono kwalekwalen Dufuna a 1994, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, aka auna shi ya kai shekara kusan 8,000. Su ne kuma suka sami tallafin shekara 12 daga 2009 don binciken kayan tarihin Nok. Mun gode musu. Amma wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar waƙa. Wasiƙun kakanninmu na Jimeta ba su cikin lissafinsu, kuma ba hakkinsu ba ne su sa su.

Mu ma muna da irin waɗannan majalisu. Majalisar masana kimiyya ta Nijeriya tun 1977 take, akwai ta masana harshe da adabi da tarihi, akwai ta ilimin zamantakewa. Manyan farfesoshin ƙasar nan duk suna ciki. Amma me muka ba su? Taron shekara-shekara, lacca, shigar da sababbin mambobi, ƙarin baƙaƙe a bayan suna. Ba a ɗora musu amanar wani asusu da zai riƙe aikin shekara ashirin ba, su ma kuma ban ga suna tayar da jijiyar wuya a kan haka kamar yadda ya kamata ba. Majalisar da ba ta riƙe da aiki ko ɗaya da zai wuce rayuwar mambobinta, mene ne bambancinta da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai?

Na san abin da za a ce. Na farko, ana fama da kuɗin masara kana maganar tsofaffin takardu. To ku dubi ruwan da ya cinye mu. Tun da aka gama madatsar Lagdo a Kamaru a 1982 muke zaune a ƙasanta, mun ga 2012, mun ga 2022. Sanin inda ruwa ke bi, da inda bai kamata a yi gini ba, ba ya samuwa daga binciken damina ɗaya. Dogon bincike ba kayan ƙawa ba ne, wani lokaci shi ke raba mutum da kabari. Na biyu, za a ce in kuɗin shekara biyu ma ana cinyewa, ina ga na ashirin? Amsa ita ce ɗan gajeren tallafin ya fi sauƙin ci, domin da an haɗa rasit an rufe fayil magana ta ƙare. Aikin da aka ce kowace shekara uku sai an ga kundi a buge, an ga hotunan a intanet kowa na iya ƙirgawa, ɓarawo ba ya son irinsa. Na uku, za a ce babu ma'aikata. Ai dogon aikin ne ke samar da su. Yaron da ya san zai sami albashi shekara goma yana karanta ajami zai zauna ya ƙware. Wanda aka ɗauka na wata shida, ranar da kuɗi suka ƙare zai koma tuƙa keke napep, kuma ba a ga laifinsa ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu Hausawan Adamawa, domin a nan ne zafin yake. Kullum muna kukan ana ce mana baƙi. Wani an haifi kakansa a Jimeta, amma in ya je neman takardar shaidar asali sai a tambaye shi garinsu. Muna jin haushi, mu yi tsaki, mu koma shago. Amma me muka ajiye a rubuce? Tun zamanin da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 fatakenmu ke ratsa ƙasar nan zuwa Ngaundere da Banyo da Tibati. Wa ya rubuta sunayen zangunan da suka sauka, da madugan da suka ja ayari, da yadda suka yi auratayya da Fulani da Bata da sauran masu ƙasa? Eldridge Mohammadou ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara tarihin baka na lamidodin arewacin Kamaru har ya rasu a 2004. Namu na fatake wa ya yi masa haka? Hujjarmu tana cikin akwatunan ƙarfe a ƙarƙashin gadaje, gara na ci daga ƙasa, zafin watan Afrilu na gasawa daga sama, magada kuma na jiran ranar da za su share ɗaki.

Sannan akwai bashin da ke kanmu. Jihar nan tana da harsuna da dama, Bachama, Chamba, Kilba, Margi, Vere, Lunguda, Yungur da sauransu, kuma mun sani sarai cewa a birni Hausarmu ce ke maye gurbin da yawa daga cikinsu a bakin yara. Harshen Holma na nan Adamawa ya riga ya mutu, masu shi sun koma Fulatanci. Wanda harshensa ke cin kasuwa a gidan maƙwabci, mutunci ya ce ya sa hannu a rubuta na maƙwabcin kafin ya ɓace. Wannan ya fi kowace takardar shaidar asali nuna cewa mu 'yan gida ne.

Kuma kada mu yi ƙaryar talauci. Mun san abin da ake kashewa a bikin 'ya guda a wannan gari. Mun san kuɗin da ake zubarwa ranar naɗin sarauta, da na kalanda mai hoton Alhaji. Amma ka je wa mutum da maganar albashin ɗalibai biyu masu karanta ajami, sai ya ce kasuwa ba ta tafiya.

Ga abin da nake kira a yi. Na ɗaya, 'yan majalisar tarayya da muke zaɓa daga jihar nan, da malaman Jami'ar Modibbo Adama da sauran makarantunmu, su matsa a ware wani ɗan kaso daga kuɗin binciken da ake da su, a keɓe shi ga ayyukan shekara goma zuwa ashirin kaɗai. A riƙa nema ta hannun majalisun masana, su tace, su riƙe amanar, su duba kowace shekara uku, kuma a bar ƙofa a buɗe ga masanin da ya yi ritaya da malamin zaure, muddin wata jami'a ta tsaya masa. Ko aiki biyar aka fara da su a ƙasar nan gaba ɗaya, an fara. Na biyu, kada mu jira Abuja. 'Yan kasuwarmu na Jimeta su kafa waƙafi: shago biyu ko uku da kuɗin hayarsu zai riƙa tafiya ga wannan aiki kaɗai, da amintattu da lissafi a bayyane. Hayar shago ba ta yajin aiki, ba ta jiran kasafin kuɗi. A sami ɗaki a bene inda ruwa ba ya kaiwa, da na'urar ɗaukar hoto, da matasa biyu a kan albashi, a rubuta yarjejeniya da jami'a, a ajiye kwafi ɗaya a nan, ɗaya a Gidan Arewa. Na uku, kowa ya leƙa ƙarƙashin gadon tsohonsa tun kafin damina mai zuwa. Abin da ka samu, ɗaga shi sama, ka ɗauki hotonsa ko da wayarka ce, kada ka zubar don ba ka iya karantawa.

Mu mazauna Shagari bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba. Unguwar da muke ciki ragowar wani shiri ne na gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara, wanda juyin mulkin 31 ga Disambar 1983 ya yanke wa hanzari. Mun san yadda abu ke zama idan ya dogara da rayuwar gwamnati ɗaya. Maƙwabcina yana nan, ya haura saba'in, akwatuna biyun da suka rage yanzu suna kan bulo a ɗakinsa. Jiya na tarar da shi yana shanya wasu takardun a inuwa yana jera su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, har yanzu?" Ya ce, "To ɗana, in na bari wa zai yi?"

Tambayar ba ni kaɗai ya yi wa ba. Wanda ke da shago, wanda ke da ɗaki, wanda ke da ɗan majalisa a waya, ya san abin da zai iya. Allah ya sa mu farga, ya kiyaye mu da sake ganin irin ruwan nan. Wassalam.